Sabobin suna a kamfani mai rassa uku: yadda adireshin ko-ta-kwana ya riƙa katse aiki

Kamfanin da wannan nazari ya shafa yana sayar da kayan masarufi a kan sari. Hedikwatarsa tana Kano, yana da babban reshe a Kaduna, da matsakaici a Gusau, da kuma wani ƙaramin ɗakin ajiyar kaya wanda ma'aikatansa ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ba. Kowane reshe yana da layin intanet nasa, kuma a kan wannan layi aka shimfiɗa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet, da ke haɗa shi da Kano. Kwamfutocin duka na Windows ne, an ɗaure su a ƙarƙashin Active Directory, tsarin Microsoft da ke tantance ma'aikata da kwamfutoci, manhajar lissafin kuɗi da fayilolin da ake rabawa kuwa suna zaune a hedikwata. Sunan cikin gida da aka raɗa wa tsarin tun farko yana ƙarewa da .local, saboda haka a nan za mu kira shi kamfani.local.

Koken da ke zuwa daga rassan iri ɗaya ne, ko da yake ba lokaci ɗaya yake zuwa ba. Akawu zai buɗe manhajar lissafi ta ce ba ta ga saba ba, wato babbar kwamfutar da bayananta ke zaune a kai, alhali na kusa da shi yana cikin aiki a manhajar lafiya lau. Wani zai kunna kwamfuta da safe ta daɗe tana juyi kafin ta karɓi kalmar sirri, idan ta karɓa kuma sai ya tarar babu fayilolin ofis. A duk wannan hali shafukan intanet suna buɗewa, saƙon WhatsApp yana shiga, shi ya sa manajan reshen Gusau ya ƙi yarda da bayanin da aka saba ba shi cewa netwok ne. Gaskiya ce a wurinsa. An sauya kamfanin da ke ba reshen layi, an ƙara kuɗin da ake biya duk wata, abin bai daina ba.

Kafin a shiga binciken, ya kamata a fayyace abin da kwamfuta take nema daga sabar suna a irin wannan tsari, domin a nan ne yawancin masu kafa rassa suke raina lamarin. Tun da Paul Mockapetris ya tsara DNS, tsarin da sabobin suna ke aiki da shi, a 1983, aikinsa na asali shi ne a ba shi suna ya dawo da adireshin IP, wato lambar da ake samun na'ura da ita a netwok. Amma daga fitowar Windows 2000, Active Directory ya ɗora masa wani nauyi dabam: kwamfutar da ke cikin tsarin ba ta san sabar da za ta tantance ta ba sai ta tambayi DNS, ta hanyar wasu bayanai da ake kira SRV, waɗanda ke faɗin wace saba ce ke amsa LDAP, hanyar neman bayanan asusu, a ƙofa ta 389, wace ce kuma ke amsa Kerberos, hanyar tantancewa, a ƙofa ta 88. Idan wannan tambaya ba ta sami amsa ba, babu tantancewa, babu dokokin da hedikwata ke aikawa kwamfutoci, babu shiga fayil. Abin da ke ɓoye matsalar shi ne Windows yana riƙe shaidar shiga goma na baya-bayan nan a cikin kwamfutar, don haka ma'aikaci yakan shiga ya ga allonsa kamar kullum, bai san ba a tantance shi a ko'ina ba.

Umarnin ipconfig /all a kwamfutar akawun Gusau ya nuna sabobin suna guda biyu. Na farko 10.1.0.10, sabar Kano. Na biyu 8.8.8.8, sabar jama'a da Google ya buɗe a ƙarshen 2009. Haka abin yake a kowace kwamfuta ta rassan uku, domin rautar kowane reshe, na'urar da ke haɗa shi da intanet, ita ce ke raba waɗannan adireshi ta DHCP, tsarin da ke ba kwamfutoci adireshi kai tsaye. Dalilin sanya na biyun ba boyayye ba ne, kuma ba wauta ce ta kawo shi ba. A da can sabar Kano kaɗai rassan suka sani, sai ya zama duk lokacin da VPN ya yanke, ko shafin banki ba ya buɗewa a reshe, duk da cewa layin intanet na reshen yana nan garau, saboda mai fassara sunan yana can ɗaya ɓangaren. Wanda ya ƙara 8.8.8.8 ya magance wannan, ya kuma ɗauka cewa ya ajiye ko-ta-kwana ne wanda ba za a taɓa shi ba sai na farko ya faɗi.

Windows bai ɗauki jerin haka ba. Yana aika tambaya ga sabar farko, ya jira daƙiƙa ɗaya, idan bai ji amsa ba ya juya ga ta biyu. A layin da ya cika da lodi, ko wanda ke tafiya a kan 4G da rana tsaka, jinkirin daƙiƙa ɗaya ba abin mamaki ba ne, ba sai layin ya yanke ba. Da tambayar ta isa 8.8.8.8, amsa takan dawo nan take, kuma amsar ita ce babu wannan suna, abin da ake rubutawa NXDOMAIN. Ba laifin sabar Google ba ne, gaskiya ta faɗa gwargwadon saninta, tun da kamfani.local ba ya cikin kundin duniya. Sai dai a ƙa'idar DNS, "babu" cikakkiyar amsa ce, ba gazawa ba ce, don haka kwamfutar ba ta komawa ta tambayi Kano. Tamkar mutum ne ya tsaya a tasha ya tambayi baƙo sunan wani ɗan gidansu, baƙon ya ce bai san mai wannan suna ba, shi kuma ya juya ya koma da yaƙinin cewa babu shi. Bayan haka abubuwa biyu suna ƙara dagula lamarin: kwamfutar tana ajiye wannan "babu" na wasu mintuna a ma'ajiyarta ta wucin gadi, sannan tana fifita sabar da ta amsa mata a kan wadda ta yi shiru na ɗan lokaci. Wannan ne ya sa mutum biyu a teburi ɗaya suke ganin abu biyu, kuma shi ya sa kashe kwamfuta da kunna ta yake yin magani na ɗan lokaci, har aka ɗauke shi a matsayin maganin.

An tabbatar da wannan a gaban manajan ba tare da dogon bayani ba. An tambayi sunan sabar lissafi da umarnin nslookup daga 10.1.0.10, adireshi ya fito. An sake tambayar sunan daga 8.8.8.8, aka ce babu. Sannan aka duba ma'ajiyar kwamfutar da ke kuka da ipconfig /displaydns, aka ga sunan a zaune da alamar babu shi, aka share da ipconfig /flushdns, manhajar ta buɗe. A ganina ƙa'idar da ta fito daga nan ba ta da togaciya: duk sabar sunan da aka rubuta wa kwamfutar da ke cikin Active Directory dole ta iya ba da amsa iri ɗaya da sauran, ga sunayen ciki da na waje. Wadda ba za ta iya ba, ba ta da gurbi a jerin, ko a na biyu ko a na uku.

Cire 8.8.8.8 kawai zai maido da tsohuwar cutar, don haka tambayar ta koma kan abin da kowane reshe zai dogara da shi idan ya rabu da Kano. A nan binciken ya tono wani abu a Kaduna. Reshen yana da tsohuwar saba da aka ɗora wa kwafin kundin sunayen kamfani.local irin na biyu, wato kwafin da ake janyowa daga Kano lokaci-lokaci, amma ba a nuna wa kwamfutocin reshen ita ba, wai don an taɓa gwada ta ta ba da kunya. Dalilin kunyar yana cikin bayanin SOA na kundin, inda ake rubuta lokutan sabunta kwafi da wa'adinsa. Idan ba a sauya ba, Windows yana sa kwafin ya nemi sabuntawa kowane minti 15, idan bai samu ba ya sake gwadawa bayan minti 10, idan kuma aka yi kwana ɗaya cur bai ji daga uwar kundin ba, sai ya ɗauki kansa a matsayin wanda ya lalace ya daina amsawa gaba ɗaya. Wa'adin kwana ɗaya ya dace da inda ake gyara layi cikin sa'o'i. A inda masu aikin hanya kan tsinke wayar faiba ranar Juma'a a kai Litinin ba a ɗinke ba, kwafin yana mutuwa daidai lokacin da aka ajiye shi dominsa.

Batun Gusau ya fi wannan nauyi. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma rufewar ta ɗauki makonni. Duk wanda yake da reshe a can ya san ba zai yi lissafi da sa'o'i ba. Shi ya sa aka bar tsarin kwafi na biyu aka koma ga kundin da ke zaune a cikin Active Directory kansa, wanda kowace sabar tantancewa take riƙe da cikakkensa, kuma ba shi da wa'adin mutuwa na kwana ɗaya. Iyakar da ke kansa ita ce ta Active Directory, wadda a tsarin da aka kafa a 'yan shekarun nan kwana 180 ce: sabar da ta wuce haka ba ta yi musayar bayanai da 'yan uwanta ba, ba a yarda ta dawo haka nan.

Kaduna ta sami cikakkiyar sabar tantancewa mai ɗauke da DNS, domin akwai ɗaki mai kulle da inbata da ma'aikacin da ke kula da su. A Gusau kuwa sabar za ta zauna ne a kusurwar ofishin manaja, inda masu kawo kaya da direbobi suke shiga da fita, don haka aka zaɓi irin wadda Microsoft ya fito da ita a Windows Server 2008 musamman saboda rassa, wato RODC, sabar da ake karantawa daga gare ta amma ba a rubutu a kanta. Tana amsa tambayoyin suna daga kwafinta, idan kuma kwamfuta ta zo rajistar sabon adireshi sai ta tura ta ga saba mai karɓar rubutu. Akwai tarko ɗaya da ya kamata a ambata: RODC ba ta ajiye kalmar sirrin kowa sai wanda aka ba ta izini a kansa, kuma jerin izinin fanko yake zuwa. Idan aka kafa ta aka tafi, ranar da layi ya yanke za ta fassara suna daidai amma ba za ta tantance ko mutum ɗaya ba. An sanya ma'aikatan reshen a jerin, an sanya kwamfutocinsu ma, domin ita ma kwamfuta tana da asusunta da kalmarta, sannan aka tura kalmomin tun kafin a buƙace su. Asusun masu iko da tsarin duka an bar su a waje.

Ɗakin ajiyar kayan bai kai a saya masa saba ba, kuma ba na ganin hikima a ajiye sabar tantancewa inda wuta ke ɗaukewa ba tare da mai kashe na'ura a tsanake ba. Rautar da ke wurin tana ɗauke da dnsmasq, wata ƙaramar manhajar sabar suna, sai aka mayar da ita mai raba tambaya: layi ɗaya, server=/kamfani.local/10.1.0.10, da wani irinsa mai nuna Kaduna, suna tura duk sunan ciki ta VPN, sauran sunaye kuma suna fita ta layin intanet na wurin. Kwamfutocin ba su san kowa ba sai rautar. Bambancin wannan da tsohon tsari shi ne idan VPN ya yanke, tambayar sunan ciki takan tafi ba amsa, ba ta dawowa da "babu" na ƙarya, don haka da layi ya dawo aiki yake ci gaba. A gwajin farko sunayen ciki sun ƙi fitowa ko da VPN yana tsaye, sai aka gano kariyar da rautar ke da ita, wadda ke watsar da duk amsar da ta zo da adireshin cikin gida irin mai farawa da 10, don gudun wata dabarar masu kutse. An keɓe kamfani.local daga wannan kariya, ba a kashe ta baki ɗaya ba.

Shi kuma 8.8.8.8 ba a kore shi daga kamfanin ba, gurbinsa aka sauya. Yanzu yana zaune a cikin sabobin Kano da Kaduna da Gusau a matsayin wanda ake miƙa wa tambayar da ba ta shafi gida ba, tare da sabar kamfanin da ke ba kowane reshe layi. Sabar reshe tana duba kundinta tukuna, abin da ba nata ba ne kaɗai take fitarwa. An yi muhawara a kan ko rassan su miƙa tambayoyin waje ga Kano domin a tace su a wuri ɗaya. Hujjar tsaro ce mai ƙarfi, amma amincewa da ita na nufin a sake ɗaure intanet ɗin reshe a ƙafar VPN, wato abin da ya haifar da matsalar tun farko. An tsaya a kan kowane reshe ya fita ta ƙofarsa, sannan aka rufe ƙofa ta 53, wadda tambayoyin suna ke bi, a katangar tsaro ga kowace na'ura ban da sabobin suna, don kada wani ya sake rubuta adireshin waje da hannu a kwamfutarsa. Tsakanin sabobin kuwa an buɗe 53 ta UDP da ta TCP duka, hanyoyi biyu da saƙo ke bi a netwok, domin amsar da ta yi girma takan koma TCP, kuma jerin SRV yana iya yin girman.

Bayan wannan, jinkirin shiga da safe ya ragu amma bai ƙare ba a Gusau, kuma dalilinsa wani ne dabam. Umarnin nltest /dsgetsite ya kasa faɗin wurin da kwamfutar take, fayil ɗin netlogon.log na sabar Kano kuma cike yake da layukan NO_CLIENT_SITE, alamar kwamfutocin da ba a san wurinsu ba. Active Directory yana gane reshen da kwamfuta take ne ta rukunin adireshinta, kuma ba a taɓa rubuta masa cewa 10.2 Kaduna ce, 10.3 Gusau ce ba. Kwamfutar da ba ta san wurinta ba takan ɗauki kowace saba daga jerin gama-gari, har ta kai kwamfutar Gusau tana neman tantancewa a Kaduna, saƙonta ya bi ta Kano ya dawo, ga kuma saba a ɗakin da take. An ƙirƙiri wuri ga kowane reshe, an ɗaura masa rukunin adireshinsa, an haɗa ɗakin ajiyar da Kano. An kuma rage tazarar musayar bayanai tsakanin wurare daga minti 180 da take zuwa da shi zuwa minti 15, wanda shi ne mafi ƙanƙanta da jadawalin ke karɓa, domin sunan da aka ƙara a Kano kada ya yi sa'a uku bai isa reshe ba.

A saitin katin sadarwa na sabobin kansu, Kano tana da guda biyu, kowace tana nuna 'yar uwarta da farko sannan kanta. Ta Kaduna da ta Gusau suna da kansu da Kano a jerin. Kwamfutocin Kaduna da Gusau suna samun sabar reshensu da farko, Kano ta biyu. An kuma ƙirƙiri kundin juyi na 10.in-addr.arpa, mai mayar da adireshi zuwa suna, wanda babu shi a da, ga shi tambayoyinsa suna ta fita intanet inda babu wanda ya san sunayen waɗannan adireshi.

Saura batun shara. Masu tallan kamfanin suna yawo da kwamfutocin hannu tsakanin rassa, kowane reshe ya ba su sabon adireshi, tsohon kuma wani ya gaje shi, har aka sami adireshi ɗaya da sunaye uku a kundin. Windows yana da tsarin share bayanan da suka tsufa, amma a kashe yake zuwa, kuma idan aka kunna shi da saitinsa na asali, bayanin da ya yi kwana 7 da wasu 7 ba a sabunta shi ba ya cancanci sharewa. Wannan ya yi daidai da aron adireshi na kwana 8 da sabar DHCP ta Windows ke bayarwa, amma bai yi daidai da reshen da zai iya yin makonni a yanke ba, domin kwamfutocin Gusau da sabarsu a Kano ko Kaduna suke sabunta rajistarsu, kuma idan suka yi shiru fiye da mako biyu mai shara zai ɗauka sun mutu. Saboda haka aka tsawaita wa'adin, aka amince da zama da ɗan datti a kundin a madadin a wayi gari an share reshe guda, aka ba saba ɗaya tak a Kano aikin sharar, kuma kafin a kunna aka bi bayanan firintoci da sabobi ɗaya bayan ɗaya aka mayar da su na dindindin.

Sunan .local an bar shi yadda yake, ba don yana da kyau ba. Tun 2013 aka keɓe wannan ƙarshen suna ga wani tsarin da na'urori ke neman junansu da shi ba tare da saba ba, shi ya sa kwamfutocin Apple da wasu na Linux sukan yi gardama da shi. Wanda zai kafa sabon tsari yau, gara ya yanki reshe daga sunan da ya yi wa rajista da kuɗinsa. Amma sauya sunan Active Directory da ke cikin aiki babban aiki ne mai haɗari, kuma babu ko ɗaya daga cikin koke-koken rassan da ya samo asali daga nan.

Gwajin ƙarshe an yi shi ne da gangan, bayan an tashi daga aiki: aka kashe VPN na kowane reshe bi da bi, aka kashe kwamfuta aka kunna, aka shiga da asusun ma'aikacin da bai taɓa zama a kanta ba, domin shaidar da ke ajiye kada ta rufe gaskiya. A Kaduna da Gusau an shiga, firintar ofis ta amsa da sunanta, shafukan waje sun buɗe. A ɗakin ajiya shafukan waje sun buɗe, sabon asusun bai shiga ba, kuma haka aka tsammata tun da babu mai tantancewa a wurin. Manhajar lissafi ba ta buɗe a ko'ina ba yayin da layin yake yanke, domin sunanta yana fassaruwa amma ita kanta tana Kano, kuma an faɗa wa manajojin wannan a rubuce don kada su ɗauka an yi musu alkawarin abin da ba a yi ba. Da aka maido da VPN ta buɗe ba tare da an share ma'ajiya ko an sake kunna kwamfuta ba, umarnin repadmin /replsummary da dcdiag /test:dns, masu duba lafiyar sabobin, kuma ba su nuna kuskure ba. Shawarar ko a kai wa Gusau layi na biyu daga wani kamfanin dabam, ko a ajiye mata kwafin manhajar lissafin a reshe, tana gaban masu kamfanin tare da kiyasin kuɗin kowanne.